Kasuwarsu a ƙetare, a gida ba a san su ba: masu ƙera wasan bidiyo a Ostareliya

Duk wanda ya riƙe babbar waya shekaru goma da suka wuce, da wuya a ce bai taɓa yanka kankana da ɗan yatsa a Fruit Ninja ba, ko bai tsallakar da kaza titi a Crossy Road ba. Abin da yawancinmu ba mu damu mu tambaya ba shi ne daga ina waɗannan wasanni suka fito. Fruit Ninja a birnin Brisbane na ƙasar Ostareliya aka yi shi. Kamfanin Halfbrick ya sake shi a 2010, kuma zuwa 2015 an sauke shi fiye da sau biliyan ɗaya. Crossy Road kuwa mutum biyu ne ginshiƙinsa, Matt Hall da Andy Sum, a jihar Victoria. Cikin kusan wata uku suka haɗa shi, ya fito a Nuwamban 2014, ya kawo dala miliyan 10 a kwana 90 na farko.

A watan Mayun wannan shekara ta 2014 ɗin ne kuma gwamnatin tarayya ta Tony Abbott ta rufe asusun da aka ware domin tallafa wa masu ƙera wasanni. Gwamnatin da ta gabace ta ce ta sanar da shi a 2012, dalar Ostareliya miliyan 20 da za a raba cikin shekara uku. An kashe rabi, aka janye sauran. Wato a daidai lokacin da samarin ƙasar ke fitar da abin da duniya ke rububi, hukumomin ƙasarsu sun yanke hukuncin cewa sana'ar ba ta cancanci sisin kwabo ba. Wannan saɓani shi ya sa labarin Ostareliya ya fi na Amurka ko Japan koyar da mutum yadda masu wannan aiki suke rayuwa, da kuma abin da ake nufi idan aka ce an san da zamansu a gida.

Kafin 2008, yawancin kamfanonin wasa na ƙasar 'yan kwangila ne. Manyan kamfanonin Amurka ke ba su aiki: ga wani fim na yara zai fito, a yi mana wasansa, ga kuɗin aiki, mallaka tamu ce. Abin da ya sa ake kai musu aikin shi ne araha, domin dalarsu ba ta kai ta Amurka ba. Da rikicin tattalin arzikin duniya ya zo, kwangila ta ja baya. Sai kuma dalar Ostareliya ta yi ta hawa har ta kamo ta Amurka a 2010, ta ma wuce ta a 2011. Araha ta ƙare, aiki ya ƙare. Pandemic na Brisbane ya rufe a 2009. Krome, wanda a da shi ne mafi girma a ƙasar, ya sallami mafi yawan ma'aikatansa a 2010. A 2011 THQ ta rufe rassanta na Brisbane da Melbourne, Team Bondi na Sydney ma ya ruguje bayan ya kammala L.A. Noire. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasar sun nuna mutum 1,431 ke aiki a wannan fanni a 2007. Zuwa 2012 sun koma 581.

Wasu sun tattara sun tafi Kanada da Amurka, wasu sun koma rubuta manhajar banki. Waɗanda suka rage suka tarar da ƙofa biyu da ba a daɗe da buɗewa ba: kasuwar manhajojin waya, da kasuwar Steam ta wasannin kwamfuta. A karon farko mutum uku a ɗaki ɗaya suna iya sayar wa ɗan Jamus da ɗan Brazil wasa ba tare da faifai ko kanti ko izinin wani babban kamfani ba. Cin gashin kan da ake yaba musu yanzu, da yawansu ba zaɓa suka yi ba, dole ce ta sa.

To yaya ranar aikin irin wannan mutum take? Mai kallo daga waje yana zaton wasa yake yi tun safe har dare. Alhali mafi yawan lokacinsa yana tafiya ne a kan abubuwan da ɗan wasa ba zai taɓa lura da su ba sai in sun lalace. Ɗauki tsalle kawai. Idan ka danna maɓalli, yaya saurin tashin ɗan wasan, tsawon wane lokaci zai yi a sama, in ka saki maɓallin da wuri zai sauko nan take ko zai ƙarasa, in ka danna bayan ƙafarsa ta ɗan bar gefen dutse za a yafe maka ko za ka faɗa rami? Kowanne lamba ce da ake sauyawa a gwada, a sake sauyawa a sake gwadawa, wani lokaci har makonni. Wasan Unpacking, wanda ƙaramin kamfanin Witch Beam na Brisbane ya fitar a 2021, ba komai ake yi a cikinsa ba illa fito da kaya daga kwali a jera su a sabon gida. Amma an naɗi sauti fiye da 14,000 dominsa, saboda ƙarar ajiye kofi a kan katako daban take da ta ajiye shi a kan tayil ko a kan gado. Wani ya zauna ya yi ta ɗaga kayan gida yana ajiyewa a gaban makirfo har ya kai wannan adadi.

Sannan akwai farautar kurakurai, wadda ita ce ba ta ƙarewa. Wani ya rubuto daga Poland cewa wasan yana mutuwa a kwamfutarsa idan ya buɗe wata ƙofa bayan ya yi wani abu da babu wanda ya taɓa tunanin za a yi. Dole ka maimaita abin a taka kwamfutar kafin ka iya gyarawa, kuma gyaran na iya ɓalle wani wuri. A babban kamfani akwai sashe guda na masu gwaji. A kamfanin mutum uku, wanda ya zana dodon da safe shi zai amsa wasiƙar koke da rana, shi zai cika takardar haraji, shi zai yanka guntun bidiyon talla da dare. Da yake masu saye da 'yan jarida da kamfanonin rarrabawa suna Amurka da Turai, ɗan Ostareliya kan yi taron aiki da asuba ko tsakar dare. Babban taron masu sana'ar, GDC, a San Francisco ake yin sa duk shekara, tafiyar sama da awa goma sha uku a jirgi daga gabashin ƙasar, da kuɗin da zai iya riƙe ƙaramin kamfani wata guda.

Duk wannan ana yin sa ne shekara biyu, uku, huɗu, ba tare da ko kwabo ya shigo ba. Nan ne sana'ar ta bambanta da yawancin sana'o'i, kuma nan ne iyali ke fara tambaya. Ari Gibson da William Pellen, waɗanda suka kafa ƙaramin kamfanin Team Cherry a birnin Adelaide, sun fara ne da wani ɗan wasa da suka haɗa a gasar kwanaki kaɗan a 2013, wanda bai burge kowa ba. A ƙarshen 2014 suka nemi karo-karo a shafin Kickstarter domin Hollow Knight, mutum dubu biyu da 'yan kai suka tara musu dalar Ostareliya kusan 57,000. Raba wannan kuɗi tsakanin mutum ukun da suka yi aikin na sama da shekara biyu ka ga abin da ya rage wa kowa a wata. A hirar da suka yi da Bloomberg a 2025 sun tuna lokacin da ragowar abincin taro na wani ofishin maƙwabta yake zame musu kalaci. Wasan ya fito a Fabrairun 2017, kuma zuwa 2025 an sayar da kwafi miliyan 15. Ana son ba da wannan labari saboda ƙarshensa ya yi daɗi. Dubban da suka ci irin wannan wuya wasansu ya sayar da kwafi ɗari biyu, babu ɗan jaridar da ya neme su.

Lissafin kuɗin ma ya kamata a fayyace shi, domin mutane kan ji an ce an sayar da kwafi dubu goma a kan dala 20 su ɗauka mai wasan ya sa dala dubu 200 a aljihu. Steam na cire kashi 30 cikin 100, ba ta ragewa sai cinikin wasa ya haura dala miliyan 10. Kafin nan an cire harajin saye na ƙasashe daban-daban, an cire na waɗanda suka maido, domin duk wanda bai yi awa biyu yana wasan ba yana iya karɓar kuɗinsa cikin kwana 14. Farashi a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ya fi sauƙi, kuma kaso mai yawa na ciniki a lokacin rangwame ake yin sa. Idan akwai kamfanin rarrabawa da ya zuba kuɗi, galibi shi zai fara fanshe nasa kafin a fara rabo. Sai harajin Amurka a kan cinikin da aka yi a can: ɗan Ostareliya kashi 5 ake cire masa saboda akwai yarjejeniyar haraji tsakanin ƙasashen biyu, amma wanda ƙasarsa ba ta da irin wannan yarjejeniya, kamar Najeriya, kashi 30 ne. Matashin Kano ko Kaduna da ke koyon manhajojin ƙera wasa irin su Unity ko Godot a yanzu ya kamata ya san da wannan tun kafin ya fara ƙirga riba.

Kafin ma a kai ga rabon kuɗi, sai an gan ka. Kuɗin sa wasa a Steam dala 100 ne kacal, saboda haka kowa na sawa: a 2024 wasanni sama da 18,000 suka fito a wurin, kusan hamsin kowace rana. Shi ya sa masu sana'ar suke kwana suna tashi da lamba ɗaya, wato yawan mutanen da suka sa wasansu a jerin abin da suke son saya in ya fito. Wannan lamba ce ke sa Steam ta tura wasa gaba ko ta bar shi a ƙasan tari. In kuma Allah ya sa ka dace, sai masu kwaikwayo su taso. A farkon 2022 wani kwaikwayon Unpacking ya hau saman jerin manhajojin kyauta a kasuwar Apple kafin a cire shi, alhali masu ainihin wasan ba su ma kai ga fitar da nasu a waya ba.

Yanzu batun sani a gida. Ɗan fim ɗin Kannywood, ko bai tara dukiya ba, in ya shiga kasuwar Kwari za a nuna shi, domin masu kallonsa su ne maƙwabtansa, da harshensu yake magana, fuskarsa ce hajarsa. Mai ƙera wasa akasin haka yake ta kowace fuska. Ba a ganin fuskarsa, wasansa ba ya ɗauke da tambarin garinsu, masu sayensa kuma suna wata nahiya. Binciken da ƙungiyar masana'antar, IGEA, ke yi duk shekara ya sha nuna cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na kuɗin da kamfanonin wasa na Ostareliya ke samu daga waje yake zuwa. Ga ma'aikatar kasuwanci wannan abin alfahari ne. Amma ga ɗan siyasa, sana'a ce da masu zaɓensa ba su san tana nan ba, don haka yanke mata kasafi ba ya jawo ko zanga-zangar mutum goma. An rufe asusun tallafin nan a 2014 ne saboda rufe shi ba shi da tsada a siyasance.

Akwai kuma tsohon kallon da ake yi wa wasan bidiyo a matsayin kayan yara. Har zuwa ranar 1 ga Janairun 2013, dokar tace fina-finai da wasanni ta Ostareliya ba ta da rukunin 'yan shekara 18 zuwa sama ga wasanni, ko da yake fim yana da shi. Duk wasan da ya fi ƙarfin ɗan shekara 15 sai dai a hana sayar da shi ko a yanke shi. Sauya dokar na bukatar amincewar antoni-janar na kowace jiha, kuma wanda ya daɗe yana tare hanya shi ne Michael Atkinson na jihar Ostareliya ta Kudu, wadda Adelaide ce babban birninta. Mutum na iya goyon bayan tsaurin tacewa saboda tarbiyya, wannan muhawara ce mai zaman kanta. Abin lura a nan shi ne doka da kanta ta ɗauka babu baligin da ke da hulɗa da wannan abu. Wanda ya je banki neman rance ko ya je gidan surukai ya ce sana'arsa ke nan, da wannan kallon zai fara cin karo.

Jiha ɗaya ce ta bi wata hanya dabam. Hukumar fina-finai ta jihar Victoria, wadda a da ake kira Film Victoria, yanzu VicScreen, ba ta daina ba masu wasanni ƙananan tallafi ba ko a shekarun da tarayya ta juya baya. A Melbourne aka buɗe The Arcade a 2013, gini guda da ƙananan kamfanoni suka riƙa haya tare, inda wanda ya taɓa sa hannu a kwangila da Nintendo zai iya duba takardar wanda bai taɓa ba. A Melbourne ɗin aka fara Freeplay, bikin ƙananan masu ƙera wasanni, a 2004, a nan kuma baje kolin wasanni na PAX ya sauka a 2013. Daga wannan muhalli abokai huɗu na House House suka fito. Wasansu na 2019, Untitled Goose Game, labarin wata fitinanniyar dinya ce, babbar agwagwar ruwa, da ke addabar mutanen wani ƙauyen Ingila, tana sace wa mai lambu makulli tana jefa kayansa a tafki. Film Victoria ta sa musu kuɗi tun ana cikin aiki. Cikin wata uku aka sayar da kwafi miliyan ɗaya, ya kuma lashe kyautar wasan shekara a bikin DICE na 2020, inda ya kayar da wasannin da ɗaruruwan ma'aikata suka yi. Cult of the Lamb na Massive Monster ya biyo baya a 2022 da kwafi miliyan ɗaya a makon farko. Victoria ce ta fi kowace jiha yawan kamfanonin wasa a ƙasar, kuma ban ga yadda za a ce sa'a ce kawai ba.

Mai musu zai ce, to ai Team Cherry na Adelaide sun fi su duka nasara, ba kuma a wannan gata suka tashi ba. Gaskiya ne. Ba gwamnati ke ƙera hazaƙa ba, kuma akwai wasannin da aka tallafa wa da suka faɗi warwas. Tallafi ma ba ya hana rufewa: League of Geeks na Melbourne, masu wasan Armello, waɗanda suna cikin fitattun wannan zamani, sun sallami fiye da rabin ma'aikatansu a ƙarshen 2023 lokacin da masu zuba jari a duniya suka ɗaure bakin jaka, daga baya suka dakatar da aiki. Sai dai tambayar da ta dace ba wai ko gwani ɗaya zai iya fita ba tare da taimako ba. Tambayar ita ce mutum nawa ne za su iya jure wasan farko da bai sayu ba har su kai ga na biyu. House House sun yi Push Me Pull You a 2016 kafin dinya, bai kuma yi wani tashe ba. Halfbrick sun shafe kusan shekara tara suna kwangila kafin Fruit Ninja. Wanda ba shi da ajiya, ba shi da mata ko miji mai albashi, ba shi da iyayen da za su ba shi ɗaki, a wasan farko yake sauka. Ƙaramin tallafi a farkon tafiya aikinsa ke nan, ya sa sana'ar kada ta zama ta 'ya'yan masu hali kaɗai.

Karramawa ta zo daga baya, kuma ta zo da yawa. Gidan tarihin fim da hoto mai motsi na Melbourne, ACMI, ya haɗa kai da wasu cibiyoyin adana tarihi suka ajiye Untitled Goose Game a matsayin kayan tarihin ƙasa. Unpacking ya ɗauko kyautar BAFTA biyu daga Landan a 2022. Da Team Cherry suka sanar da ranar fitowar Hollow Knight: Silksong, ci gaban wasan Hollow Knight, mako biyu kacal kafin ranar, wasu ƙananan kamfanoni a ƙasashe daban-daban sun ɗage fitar da nasu wasannin don kada a danne su. Ranar 4 ga Satumban 2025 da ya fito a kan dala 20, cunkoson masu saye ya sa kasuwar Steam ta riƙa sarƙewa, mutum sama da dubu 500 suna buga shi a lokaci guda. A makon ne jama'a da yawa a Adelaide suka fara jin cewa a garinsu ake wannan aiki. Ba laifi, yabo yana da daɗi. Amma kusan kowane mataki na wannan karramawa sai da waje ta fara tafawa kafin gida ya waiwaya, kuma ya zo wa mutanen da a lokacin sun riga sun fi ƙarfin bukatarsa.

Gwamnatin tarayya ma ta dawo. Kwamitin majalisar dattawa ya ba da shawarar a maido da asusun tun 2016, gwamnati ta ɗauki kusan shekara biyu kafin ta amsa, ba ta kuma maido ba. Sai daga 1 ga Yulin 2022 aka fara wani rangwamen haraji da ke mayar wa kamfani kashi 30 cikin 100 na abin da ya kashe wajen ƙera wasa a cikin ƙasar. Kashi 30 ba ƙaramin abu ba ne, ya kuma taimaka wa matsakaitan kamfanoni da rassan kamfanonin waje. Amma sharaɗinsa sai an kashe aƙalla dalar Ostareliya dubu 500. Da wannan doka na aiki a 2014, mutanen da suka fara Hollow Knight da dala 57,000 ta karo-karo ba za su ko leƙa ƙofarta ba. Kuma kuɗin mayarwa ne bayan an kashe, wanda ke nufin sai mai kuɗi ne zai mora.

Hukumomi sun gane giɓin, shi ya sa Screen Australia ta buɗe wani shiri a 2022 domin wasannin da kasafinsu bai kai dubu 500 ba, tana ba da har dubu 150. A Janairun 2023 sabuwar manufar al'adu ta gwamnatin Anthony Albanese ta sa wasannin bidiyo a sahu ɗaya da fim da waƙa da adabi, ta ware wa ƙananan masu ƙerawa dala miliyan 12 cikin shekara huɗu. A takarda wannan shi ne matsayi mafi girma da sana'ar ta taɓa samu a ƙasar. A aljihu kuwa miliyan 3 ne a shekara, ƙasa da rabin abin da asusun 2012 ya yi alkawarin bayarwa duk shekara, ga masana'antar da yawan ma'aikatanta ya ninka na wancan lokaci sau huɗu.